Cokalin Kafe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata ka isa Damagaram lafiya, ka sami makwanci, gajiyar hanya ta sake ka. Allah ya tsare min kai a wannan gari da ba ka da kowa sai Shi, ya haɗa ka da abokan kirki, ya buɗe maka kai a karatun lafiyar nan da ka je nema. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Labarin gida ka ji shi a bakinsu ta waya, ni ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Kai ɗan fari ne, kuma sunan tsohona gare ka, shi ya sa tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba. Mutane suna cewa Alhaji Issufu akwai kunyar ɗan fari. Rabinta kunya ce, na yarda. Sauran rabin kuwa tsoro ne, kada in buɗe baki ka gano abin da ke ƙarƙashin babbar rigar. To yau na buɗe, amma a takarda, don ido da ido ba zan iya ba.

Ka tuna ranar Laraba, jajibirin tafiyarka, da hantsi muna zaune a zaure ana ta shigowa yi maka sallama. Iya Dije maƙwabciyarmu ta shigo da sandarta, ta kwance bakin zane ta fiddo kwalin maganin da aka ba ta. Ta ce, "Dokta Abba, kafin ka tafi ka zama na gwamnati, bari mu fara cin moriyarka. Yaya aka ce in sha wannan?" Aka yi dariya. Ka karɓa, ka juya kwalin sau ɗaya, ka ce, "Ɗaya da safe, ɗaya da maraice, Iya, bayan kin ci abinci." Ba ka ko ɗaga gira ba. Ta ce, "Ka ji ɗan albarka, kamar ubansa." Kowa ya ji daɗi. Ni kuwa ban ji daɗi ba, don fuskar da na gani a kanka tawa ce. Kai da ko ƙofar lekol ɗin, makarantar da za ka shiga, ba ka taka ba tukuna.

Kuma ban ga laifinka ba, don wa ya laƙa maka Dokta? Ni ne. Ni na bi tasha da kasuwa ina cewa ɗana zai zama dokta, alhali na san aikin jinya ka je koyo, infirmiye kamar yadda takardarka ta ce.

Washegari da motarku ta tashi, na wuce gidan Iya Dije na ari kwalin, na kai wa majo, shugabar gidan likitarmu na nan Madarunfa. Ko a nan ma sai da na yi dabara, na ce tsohuwa ce ta aiko ni. Ta duba ta ce, "Daidai ne, haka za ta sha." Za ka ce to, ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, Abba. Wannan daidai ɗin shi ya fi ba ni tsoro. Ni ma na yi shekaru ina faɗin daidai.

Bari in fara da ƙaryar da na fi daɗewa ina yi muku. Na sha gaya muku cewa na bar kolej a aji na uku don tsohona ba shi da hali, ya janye ni zuwa gona. Ba haka ba ne. Korata aka yi. Tsohona har akuyarsa ya sayar don in zauna Maraɗi in yi karatu. Ni ne na zauna a aji shekara biyu ban gane lissafi ba, kuma ban taɓa ɗaga hannu ba. In malam ya ce an gane, muryata ce ta fi ta kowa. Akwai wani ɗan Sarkin Yamma a bencinmu da yake tambaya har malam ya gaji, muna kiransa Tambaya-goma, ni ne ma shugaban masu yi masa dariya. Ya wuce, ni na koma gida da akwati a ka, na ce wa tsoho malamai ne ba sa son ɗan ƙauye. Ya yarda. Har ya rasu yana jin haushin malaman da ba su yi min komai ba.

To kai, a ajinku ka zama wanda ake yi wa dariya. In ba ka gane ba ka ɗaga hannu, in an maimaita ba ka gane ba ka sake ɗagawa. Lissafin da na ƙi tambaya ni kaɗai ya cuta. Abin da kai za ka ƙi tambaya, a jikin ɗan wani zai fito.

Da na dawo gida sai na tarar ɗan faransancin da na tsinto ya mai da ni wani abu. Daga garinmu har ƙauyukan bayan Safo, in takarda ta zo ni ake nema. Sammaci, wasiƙa, takardar duwan ta 'yan kwastan, duk ni. Aka sa min Mushe Issufu, wato Malam Issufu da faransanci, kamar malamin lekol. Abokina Garba direba yakan ce, "Mushen turawa ko mushen jaki?" in bi shi da gudu, amma a raina sunan ya fi min zuma. Lokacin na fara sayen wake ina kaiwa ta Ɗan Issa, ban mallaki ko taya ɗaya ba balle kamyo, babbar motar kaya. Abin da na mallaka kawai shi ne a ce na sani. Sai aka fara kawo min ordonansi, takardar da likita ke rubuta magani. Rabin rubutun ba na iya karanta shi. Nakan kama kalma biyu, in cike sauran da kaina, in faɗa da ƙarfi. Allah yana rufa asiri, mutane suna warkewa, ni ina ƙara kumbura.

Gwaggonka Hajo, ƙanwata, ka san ta da 'ya'ya biyar. Shida ta haifa. Ta farin sunanta Zulai, kafin a haife ka ne, shi ya sa ba ka taɓa jin an ambace ta ba. Shekararta biyu, da wasu 'yan haƙora a gaba, in na shiga gidan sai ta kama ƙafar wandona tana cewa "Muse, Muse," don ba ta iya faɗin Mushe ba. Da damina zazzaɓi ya kama ta. Hajo ta goya ta zuwa ɗan gidan likitan da ke kusa da ƙauyensu. Mai jinyar da ke wurin saurayi ne baƙo daga yamma, bai daɗe da zuwa ba, hausarsa ba ta nuna ba. Ya duba yarinya, ya rubuta siro, maganin ruwa na yara, ya yi wa Hajo bayani iyakar iyawarsa. Ita ba ta gane ba, ta ji nauyin sake tambaya, kuma ta san tana da Yaya mai karanta takarda.

Ni na sayo maganin. Ban je farmasi ba, a kasuwa na saya wurin wani mai tebur da na sani, kwalba tsirara, ba kwali, ba ɗan ma'aunin da ke zuwa a ciki. Na karanta takardar a tsakar gida, mata sun kewaye ni. An rubuta kwiyer a kafe, wato cokalin kafe, na shan kofi. Abba, ni kafe a tasha na san shi. Na san mai shayi da babban kofinsa, da dogon cokalin nan da yake dama madara da shi, irin wanda muke cin shinkafa. Ban taɓa shiga gidan da ake shan kafe a ɗan finjali ba. A nan wani abu ya ɗan taɓa ni a zuciya, ya ce anya? Gidan likitan bai fi tafiyar shan ruwa ba a keke. Amma mata suna kallona. Na ce a kawo cokali, aka kawo babba, na ce, "Wannan, cike, kamar yadda aka rubuta." Hajo ta ce, "Yaya, bai yi yawa ba? 'Yar mitsitsiya ce fa." Na ce, "Ke kika yi lekol ko ni?"

Wannan maganar ita ce ta ƙarshe da na yi a kan lafiyar Zulai.

Kwana biyu ana ba ta. Ran na uku da azahar aka aiko min a kasuwa, na tarar da su a gidan likitan, yarinya ta saki jiki, idanu sun juye. Mai jinyar ya ɗaga kwalbar ya ga inda magani ya tsaya, sai fuskarsa ta canja. Ya tambaye ni da hausarsa mai tsalle, "Wane cokali?" Ya jawo aljihun tebur ya fiddo wani ɗan cokali, bai kai rabin wanda na nuna ba, ya ce, "Kamar wannan?"

Ga abin da na yi, kuma wannan ya fi cokalin muni. Na amsa masa da faransanci. Hajo tana tsaye a gefena da 'yarta a hannu, na juya harshe don kada ta ji. Na ce masa babba muka ba ta, amma don Allah kada ya faɗa. Faransancin da aka sayar da akuya don in koya, ranar da ya fi yi min amfani ke nan: na ɓoye wa ƙanwata abin da ya sami 'yarta. Hajo ta ce, "Me ya ce, Yaya?" Na ce, "Ya ce zazzaɓin ne ya yi ƙarfi." Kafin la'asar Zulai ta cika.

Na tsaya a nan na ajiye alƙalami, sai yau da safe na ci gaba.

Ga abin da nake so ka riƙe. Ranar da za ka ba mace magani don ɗanta, kada ka miƙa takarda ka ce na gaba. Takarda ba ta isa gida yadda ka rubuta ta, a hanya akwai wani Mushe Issufu yana jira. Ka yi mata magana da hausar da take ji, in ba ta jin hausa ka nemo mai jin harshenta. Kada ka ce cokali, ka ɗauko ma'aunin ka sa mata a hannu, ka nuna mata inda zai tsaya. Sannan ka ce ta maimaita maka. Za ta ce ta gane tun ba ta gane ba, don farar rigarka tana ba ta tsoro, kuma akwai layi a bayanta. Kada ka yarda da "to" ɗin farko. Kuma duk ranar da ka ji bakinka ya koma faransanci a gaban mai ciwo, ka tambayi kanka me kake ɓoyewa.

Saura laifina na uku, bayan cokalin da faransancin. Bayan an yi sadakar uku, magana ta fara yawo a ƙauyen cewa maganin baƙon likita ne ya kashe 'yar Hajo. Mamman mijinta ya je har ƙofar gidan likitan ya zazzage mutumin a gaban jama'a. Ina wurin. Mutumin ya dube ni, sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa, bai faɗe ta ba. Ban sani ba ko alkawarin da na roƙa ya riƙe, ko ya ga in ya faɗa gidanmu ne zai tarwatse. Ni kuwa na kama hannun Mamman ina cewa a yi haƙuri, a bar wa Allah, har mutane suna yaba hankalina. Daminar nan mata da yawa suka daina kai yara wurinsa, suka koma jiƙe-jiƙe. Ban san abin da hakan ya jawo ba, kuma ban nemi sani ba. Da rani aka canja masa wurin aiki. Ko sunansa ban riƙe ba, Abba. Na neme shi a kaina shekara da shekaru, babu.

Aikin da ka zaɓa ke nan. Wata rana za a zage ka a kan laifin wani, wanda ya yi laifin yana tsaye yana ba da haƙuri. Ba zan ce maka ka yi shiru kamar yadda ya yi ba, don shirunsa ni ya yi wa rana, bai yi wa Hajo ba. Asirin ciwon mutum ka rufe shi har kabari. Amma uwa tana da hakkin sanin abin da ya sami ɗanta, ko wane Alhaji ne ya roƙe ka. In kuma kuskuren naka ne, ka je wurin na gaba da kai tun da sauran lokacin gyara, ka faɗa da bakinka. A lokacin istaj, sa'ad da za a tura ku asibiti koyon aiki a hannun manya, za ka ga ungozoma ko tsohon mai jinya da bai kai ka yawan takardu ba. Ka bi bayansa, ka riƙe masa kwano, ka tambaye shi.

Yanzu ka gane abin da ya sa na yi maka abin da na yi bara. Da ka zo ka ce kana son gasar shiga makarantar lafiya ta gwamnati, na ce, "Duk kamyon da ke ƙofar gidan nan ba su ishe ka ba, sai wankin gyambo da kwasar fitsarin mutane?" Ka fita, innarka ta kwana biyu ba ta yi min magana ba. Ka ɗauka raini ne. Ba raini ba ne. Na ji tsoron ranar da za ka zauna a aji a koya maka ma'aunin maganin yara, ka dawo gida da ilimin da zai iya auna ubanka. Da ka ci gasar kuma sai na juya na fi kowa baki, na ɗora maka Dokta, don in ba zan iya hana ka ba, gara in ci riba. Duka biyun girman kai ne. Ka yafe min maganar gyambon. Wanda ya wanke gyambo ya fi ni aiki a duniyar nan. In an kira ka Dokta ka ce a'a, ɗalibi ne, in ka gama ka ce mai jinya ne. Na fara gyarawa a tasha. Garba ya ce, "Alhaji, an rage wa yaron girma ne tun bai fara ba?" Na ce ni aka rage wa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na tafi wurin Hajo. Na tarar da ita a bayan gida tana sussukar wake. Ta shimfiɗa min tabarma tana cewa yau wace rana, Alhaji da kansa ba aike ba. Na ce ta zauna. Na faɗa mata duka, da cokalin, da faransancin, da mutumin da aka zaga. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Sannan ta ce, "Yaya, ka san ni da hannuna na ɗura mata? Tana kawar da kai, ina matse mata kumatu." Na ce na sani. Ta ce, "Ba ka sani ba. Shekarun nan duka ina cewa ko ni ce na zarce, ko na ba ta sau huɗu na manta. Ko Mamman ban taɓa gaya wa ba har ya koma ga Allah. Duk ɗan da na haifa bayanta, in za a ba shi magani sai in kira maƙwabciya, hannuna ba ya yarda."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ina can ina tattalin sunana, na ɗauka na bar ta da baƙin cikin rashi kawai, ashe na bar ta da laifina tana goyo.

Na ce ta yafe min. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce, "Abba ya sani?" Na ce zan rubuta maka. Ta ce, "Ka rubuta masa duka, kada ka yi masa faransanci." Sai ta dube ni ta ce, "To gaya min. Cokalin ne, ko zazzaɓin ne? Da an ba ta ƙaramin, da tana nan?"

Bakina ya buɗe da kansa zai ba da amsa, kamar yadda ya saba. Amsa mai daɗi ma, wadda za ta kwantar mata da hankali ta kuma sauƙaƙa min. Na kama shi. Na ce, "Hajo, ban sani ba."

Ta ce, "To a tambayo." Ta koma kan wakenta. Har na fita ba ta raka ni ƙofa ba, kuma tun ranar ba ta kira ni ba.

Saboda haka ga saƙon gwaggonka, ba nawa ba. Sunan maganin da shekarun yarinyar da yadda aka ba ta, na rubuta su a bayan wannan takarda iyakar abin da na tuna. In kun kai darasin, ko ka ga malamin da ya san abin, ka tambaye shi. Kada ka ce wani mutum ne a wani gari, ka ce ubanka ne. In ya ga labarin zai amfani 'yan ajinku, ya ba su, ban hana ba. Abin da ya ce maka ka kawo mata shi yadda yake, kada ka rage don ni, kada ka ƙara don ita. In ya ce shi ma ba zai iya sani ba bayan shekarun nan, haka za ka faɗa mata. Kuma kada ka yi gaggawar ba ta amsa daga kanka don ka karanta shafi biyu. Ta jira fiye da shekara ashirin, za ta iya jiran ka koya.

In ka zo hutu ka ga ba ka iya zama da ni a zaure kamar da, ba zan ce ka yi rashin kunya ba. Ka fara sauka wurinta kafin ka iso gida.

Allah ya tsare ka daga ciwon da za ka taɓa da hannunka, ya tsare mutane daga kuskurenka. Ya kiyaye ka a hanya, a makwanci, da cikin abokai. Ya jiƙan Zulai, ya saka wa baƙon nan da alheri duk inda yake, ya sanyaya zuciyar Hajo ko da ba a kaina ba. Ka riƙe salla. Allah ya dawo min da kai lafiya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Issufu
Madarunfa